Kano zuwa Jidda Awa Nawa Ne? Abin da Ya Sa Kowa Ke Kawo Tasa Amsar

Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama? Za ka ɗauka yaro ma zai iya amsawa, amma ka jefa tambayar a majalisar Hausawa a Shari'a Mansur da ke Makka bayan sallar Isha'i, ka ga yadda za a rabu gida uku. Dattijon da ya fara zirga-zirga tun zamanin jiragen Nigeria Airways zai ce awa huɗu, har da rantsuwa. Wanda ya je tarar mahaifiyarsa a Hajjin 2023 zai ce Baba a yi haƙuri, bakwai ne, shi ya kwana a filin jirgi yana jira. Can wani saurayi zai zaro waya ya nuna tikiti: tashi ƙarfe goma na dare, sauka huɗu da rabi na asuba, wato awa shida da rabi. Kafin a gama da wannan sai ya ƙara dagula lissafin, ya nuna tikitin komawa, wanda ya rubuta awa biyu da rabi kacal.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abubuwa uku ne aka cakuɗa wuri guda: nisan da ke tsakanin garuruwan, lokacin da jirgi ke ɗauka a sama, da abin da agogo ke nunawa. Na farkon kaɗai ne ba ya canzawa.

## Nisan da ake gani a intanet

In ka tambayi wayarka nisan Kano da Jidda, za ta ce maka kimanin kilomita 3,400. Zuwa Madina kuma ya ɗan ɗara 3,500. Wannan shi ne nisa mafi gajarta a bayan ƙasa, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz. Ka ɗauki lemo ka sa ɗigo biyu a jikinsa, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya bi, nan ne hanyar. Da yake ƙasa a mulmule take, taswira kuwa a shimfiɗe, layin kan ɗan lanƙwasa idan aka zana shi a takarda, kodayake tsakanin Kano da Jidda lanƙwasar ba ta da yawa.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ma'auni. Wani shafin zai ce 3,400, wani ya ce 2,100 da 'yan kai, wani kuma 1,850, sai a zaci saɓani ne. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin na kan tudu, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne. Na uku mil ɗin teku ne, kilomita 1.852, kuma da shi matuƙa jirgi ke aiki. Tsawon igiya ɗaya ne aka auna da kamu daban-daban.

To ina zaren nan ya bi? Daga Kano ya ratsa Jigawa da Yobe, ya shafi gefen Diffa a Nijar, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi gaba ɗaya, ya shiga Sudan ta Darfur ta Arewa, ya ƙetare Kogin Nilu kusa da Dongola, ya faɗa Bahar Maliya ta arewa da Port Sudan, sai Jidda. A cikin kilomita 3,400 ɗin nan, kimanin 1,400 a sararin Sudan suke. Kashi biyu cikin biyar ke nan na tafiyar. A riƙe wannan, don nan gizo ke saƙa.

## Awa biyun da agogo ke ci

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya fi kayar da mutane. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Sudan tana tsakiya, tana gaban Najeriya da awa ɗaya tun Nuwamban 2017 da ta mayar da agogonta baya. Tikiti kuwa kullum lokacin garin da ake tashi yake rubutawa a wajen tashi, lokacin garin da ake sauka a wajen sauka.

Saurayin nan na majalisa, jirginsa ya tashi goma na dare a Kano, ya yi awa huɗu da rabi a sama, ya sauka ƙarfe biyu da rabi a agogon Kano, wanda ya yi daidai da huɗu da rabi a agogon Jidda. A komawa, ya tashi goma na safe a Jidda, ya sauka biyu da rabi na rana a agogon Jidda, amma a Kano sha biyu da rabi ne. Tafiya iri ɗaya, zuwa ta zama shida da rabi a takarda, dawowa ta zama biyu da rabi.

Bambancin nan ba son ran gwamnatoci ba ne kawai. Rana tana riga fitowa a Jidda da kusan awa biyu, domin tazarar gabas da yamma tsakanin garuruwan ta kai digiri 30, kowane digiri 15 kuma awa guda ne. Masu Umarar watan azumi sun san wannan a cikinsu: mai zuwa da rana azuminsa kan gajarce, mai komawa gida yana bin rana a guje, sai ya ga Magariba ta ƙi yi.

## Gudun jirgi da gudun iska

Manyan jiragen da ke jigila, irin su Airbus A330 da Boeing 777, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, a tsayin kilomita 10 zuwa 12. Raba 3,400 da 850, ka sami awa huɗu. Ga inda dattijonmu ya samo amsarsa. Sai dai jirgi ba ya fara wannan gudu daga ƙasa. Yana ɗaukar wajen minti 20 zuwa 30 yana hawa, ya ɗauki kamar haka yana saukowa, wani lokacin a sa shi shawagi a saman Jidda yana jiran layi, musamman a kwanakin cunkoson alhazai. Kuma lokacin da kamfani ke rubutawa yana farawa ne daga sanda aka tura jirgi baya daga wurin fakinsa, ya ƙare sanda ya tsaya cak a wancan filin, har da 'yan mintuna da ake ƙarawa don kada a ce sun makara. Shi ya sa awa huɗu ke zama huɗu da rabi ba tare da wani abu ya faru ba.

Sai iska. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogi. Idan iskar sama tana tura shi ta baya da gudun kilomita 100 a awa, sai ya riƙa cin ƙasa da 950. Idan ta gabansa take bugowa, ya koma 750. A tafiyar kilomita 3,400, mai iska a baya zai riga mai iska a gaba da kusan awa guda.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa dawowa gida ta fi sauri saboda ƙasa tana juyawa ta tarbi jirgin. Ba haka ba ne. Ƙasa tana juyawa ne tare da iskar da ke lulluɓe da ita, da jirgin da ke cikin iskar. Da ba don haka ba, da wanda ya yi tsalle a Kano a Katsina zai dira. Abin da ke faruwa shi ne iskar can sama tana sauya fuska da sauyawar yanayi. A hunturu, wata iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Afirka da ƙasar Larabawa, sai zuwa ya fi sauri. A tsakiyar damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, akwai wata da ke tasowa daga wajen Indiya ta nufo yamma ta saman Sudan da Chadi, sai komawa ta fi sauri. Hajji ya faɗo a watannin Yuni zuwa Agusta shekaru da dama a jere, don haka alhazan da ke cewa komawa ta fi sauri ba mafarki suka yi ba, dalilin ne suka kuskure.

## Sama ma tana da masu ita

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar jirgi ya ɗaga, ya shiga fili ne na Allah, ya bi duk inda ya so. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta tabbatar da cewa kowace ƙasa ke da cikakken iko da sararin da ke samanta. Jirgi ba ya shiga sai da izini, kuma ana biyan kuɗin ratsawa. Akwai hanyoyi da aka shata a sama masu sunaye da mahaɗai, kamar titunan mota, kuma an yanka sararin gunduma-gunduma, kowace da cibiyar da ke kula da ita. Sararin Najeriya gaba ɗaya sunan Kano yake ɗauke da shi a taswirar matuƙa. Kafin yaƙin Sudan na 2023, daga nan a miƙa jirgi ga Njamena, Njamena ta miƙa wa Khartoum, Khartoum ta miƙa wa Jidda. Hannu da hannu ake tafiyar, kamar yadda madugai ke miƙa ayari daga zango zuwa zango.

Kuma hanya ce tsohuwa. Jiragen farko da suka sauka a Kano, jiragen sojan saman Ingila guda uku a Nuwamban 1925, daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano. Kafin jirgi kuwa, kakanninmu ƙafa suka sa: Maiduguri, Fort Lamy, Abeche, Janaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin a bakin teku. Wasu shekaru suka yi a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu ba su ƙarasa ba kuma ba su koma ba. Su ne tushen Hausawan Jazira da Gadarif da Kasala, da garin Mai Wurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa daga cikin mazauna Makka da ake kira takari ta nan iyayensu suka biyo. Sudan ita ce gadar, a ƙasa da a sama.

## Ranar da gadar ta karye

Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, kuma filin jirgin Khartoum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa. Har wani jirgin fasinja na Saudiyya da ke shirin tashi zuwa Riyad sai da harsasai suka same shi a ƙasa. Aka rufe sararin ƙasar. Ba don tsoron harbi kawai ba, cibiyar da ke magana da matuƙa ita kanta a Khartoum take. Abin ya shafi har Sudan ta Kudu, wadda ta sami 'yanci tun 2011 amma a lokacin Khartoum ce ke kula mata da jiragen da ke ratsawa can sama.

Wannan ya faru ne saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyatan Najeriya, waɗanda kujerunsu suka kai 95,000 a shekarar. Ka buɗe taswira ka nemi hanyar kauce wa Sudan. Ta arewa, sai an bi ta Nijar ko Chadi a shiga Libiya a faɗa Masar, Libiya kuwa ba kowane kamfani ke yarda ya ratsa ta ba, wanda ya ƙi sai ya ƙara hawa ta Aljeriya. Ta kudu, sai a gangara Kamaru, Afirka ta Tsakiya, a zagayo ta wajen Yuganda da Kenya, a hau Habasha, a miƙe ta Bahar Maliya. In ka auna a gurguje, Kano zuwa Entebbe kusan kilomita 3,000 ne, Entebbe zuwa Addis Ababa 1,200, Addis Ababa zuwa Jidda 1,400. Jimla ta haura 5,500. Raba da 850, ka ƙara hawa da sauka, ga awa bakwai ɗin wancan bawan Allah da ya kwana a fili.

Kamar abin bai isa ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijar ta rufe nata sararin daga 6 ga Agusta har farkon Satumba. Aka wayi gari an gitta shinge daga iyakar Mali har Bahar Maliya, in ban da Chadi a tsakiya. A watan Agustan ne kuma hukumomin Sudan suka buɗe sashen gabas, wajen Port Sudan. Wannan ya amfani masu shiga da fita Sudan, amma mai tasowa daga Kano ta yamma yake shigowa, ta Darfur.

Intanet kuwa tana nan tana cewa kilomita 3,400, awa huɗu da 'yan mintuna. Yawancin shafukan nan lissafi kawai suke yi: nisan zare, a raba da gudun jirgi. Ba ruwansu da wanda ke harbi a ƙasa.

## Wa ke biyan kuɗin zagaye

A Mayun 2023 kamfanonin jiragen gida huɗu suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar jigila da hukumar alhazai ta NAHCON, suna cewa farashin da aka tsayar na tsohuwar hanya ne. Aka daidaita a kan ƙarin dala 250 a kowace kujera, aka kuma sanar da zaftare dala 100 daga kuɗin guzurin maniyyata don cike wani ɓangare na giɓin. Maniyyata suka yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyarsu: mutum ya sayar da gona ko shanu, ya biya kuɗin kujera cif, an ce ya gama, sai a dawo masa da wani lissafi a kan yaƙin da bai san mafarinsa ba.

A ganina kamfanonin ma ba sharri suka ƙirƙira ba. Babban jirgi yana shan mai tan biyar zuwa takwas a kowace awa, gwargwadon girmansa. Ƙarin awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga kuɗin ratsa ƙasashe biyar ko shida maimakon biyu ko uku. Man kansa nauyi ne, kuma kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, iyakar da ke ƙara matsewa idan ana zafi, domin iska mai zafi ba ta da kaurin ɗaukar fiffike. Idan mai ya ƙaru, wani abu zai ragu, kuma sau da yawa kaya ne. Alhajin da ya sauka Kano ya tarar jakarsa ko jarkar zamzam ɗinsa sai wani sawun, wani lokacin wannan ne dalili, ba sakaci ba. Matuƙa kuma doka ta ƙayyade musu awannin aiki. Tafiyar awa huɗu da rabi, ma'aikata ɗaya kan iya zuwa su dawo. Ta awa bakwai sai an sauya. Jirgin da ke sawu biyu a yini ya koma ɗaya da rabi, sai kwanakin jigila su miƙe, alhazai su yi ta zaman jira a masauki guzuri yana ƙarewa. Mu da ke zaune a nan Saudiyya mun san wannan zaman, don ƙofarmu ake ƙwanƙwasawa.

Inda nake da ja da kamfanoni shi ne rashin bayani. Fasinja ya cancanci a gaya masa ta ina za a bi da shi kuma awa nawa zai yi a zaune, musamman tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, waɗanda awa bakwai a kujera ɗaya ba wasa ba ne gare su.

Masu bin jiragen da ke ya da zango, irin 'yan kasuwarmu na Kano-Jidda, nasu lissafin daban ne. Ta Alƙahira tafiyar ta kai kilomita 4,300, ta Addis Ababa kuwa ta fi haka, amma ba nisan ke cin lokaci ba, zaman jiran jirgi na biyu ne. Tikitin da ya fi araha yakan zo da jiran awa shida ko takwas a benci.

## Hanya ta sauya, mikati ya sauya

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Mai niyyar Umara ko Hajji da zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, ana so ya ɗaura harami kafin ya gifta mikati ko daidai da shi, kuma jirgi ba ya tsayawa. Wane mikati ne, ya danganta da ta inda jirgin ya ɓullo. Mai zuwa daga Alƙahira yana bi ta saitin Juhfa, kusa da Rabig. Mai hawowa daga kudu, ta Habasha, saitin Yalamlam yake riska. Wanda ya biyo ta Dubai ko Doha, Ƙarnul Manazil ne nasa, wajen Ɗa'if. Wanda aka fara kaiwa Madina ba shi da wannan damuwa sai ranar tafiya Makka, ya ɗaura a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali.

Dattijon da ya saba ƙirga awa uku da rabi a agogonsa sannan ya tashi ya yi niyya, in ya yi haka a jirgin da ya zagaya ta kudu, yana saman Yuganda ne ko Kenya. Wannan bai ɓata komai ba, riga ya yi. Wanda ya saba da doguwar hanya kuwa, ya kwanta barci da nufin tashi bayan awa shida, aka bi da shi ta gajeriya, shi ne zai farka ya ga fitilun Jidda. Jirage da yawa suna sanarwa kafin a iso mikati, amma da Larabci da Turanci, ana tsakar barci. Shi ya sa malamai da yawa ke ba da shawarar a sa tufafin harami tun daga gida ko filin jirgi, niyya kawai za a jinkirta.

## Bayan taya ta taɓa ƙasa

Mai zuwa tarar baƙo, lokacin sauka ba shi ne lokacin fitowa ba. Akwai layin jawazat, wato masu duba fasfo, akwai jiran kaya, kuma a tashar alhazai, mai rumfunan nan kamar tantuna da aka buɗe a 1981, jira kan ɗauki awanni a lokacin cunkoso. Makka ba ta da filin jirgi, daga filin Jidda zuwa Harami kusan kilomita 100 ne, awa guda da 'yan kai a mota in hanya ta yi kyau. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a cikin sabon ginin filin, amma alhazan jigila a bas ake kwashe su. Idan aka haɗa da zaman sansanin alhazai a gida, da hazon hunturu da kan hana jirgi sauka a Kano, tafiyar awa huɗu da rabi tana iya cin yini da kwana daga ƙofa zuwa ƙofa.

'Yan'uwanmu na Sudan su ne suka fi ɗanɗana wannan bambanci. Khartoum zuwa Jidda bai kai kilomita 1,000 ba, awa ɗaya da rabi ne a da. Port Sudan zuwa Jidda kilomita 300 ne da ɗan ɗoriya, jirgi bai gama hawa ba zai fara saukowa, ko awa guda ba ya cikawa. Jirgin ruwa daga Sawakin dare guda yake yi a kan wannan tazarar. Amma tun da yaƙi ya mayar da Port Sudan babbar ƙofar ƙasar, Bahaushen Sinnar ko Wad Madani sai ya fara yin ɗaruruwan kilomita a mota ta Gadarif da Kasala, shinge bayan shinge, kafin ya ga filin jirgin. A Mayun 2025 shi kansa filin jirage marasa matuƙa suka kai masa hari, aka dakatar da tashi na ɗan lokaci. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta iso daga can, da na ce mata Hajiya awa nawa kuka yi a hanya, ba ta ma kawo zancen jirgin ba. Kwanakin mota ta shiga ƙirga mini da yatsu.